Wa Zai Lura Mana da Ruwan Tafki?

Yau zancen ruwa za mu yi, domin mu ke wanki da girki da shi, kuma in ya ɓaci mu ke kwana jinyar yara.

A ƙasar Amurka akwai wata jiha mai suna Minnesota, tana da tafkuna fiye da 11,000. Ma'aikatan gwamnati ba za su iya zagaye su duka ba. Saboda haka a 1973 aka fara roƙon mazauna bakin ruwa su taimaka, ba don albashi ba. Akan ba mutum farin faifai ɗaure da igiya. Sai ya shiga kwalekwale, ya zura faifan cikin ruwa har ya daina hango shi, ya rubuta zurfin da ranar. In bara ana hango faifan da nisa, bana kuwa yana ɓacewa nan da nan, to laka ko gansakuka ta ƙaru. Sau da yawa takin zamani da kashin dabbobi da ruwan sama ke kwasowa su ke ciyar da gansakukar.

Kun ga dabarar ba ta faifan ba ce, ta naci ce. Masani yakan zo sau ɗaya ya tafi, amma mai zuwa kullum shi ke fara ganin canji.

Mu ma mun ga amfanin 'yan sa kai. Wajen 1989 an ƙirga masu kurkunu fiye da 600,000 a Nijeriya. Mutanen ƙauye suka riƙa raba ƙyallen tace ruwa, suna kai rahoton masu ciwon, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cutar ta ƙare a ƙasar.

To uwargida, ke da aikinki ke kai ki tafki ko madatsar ruwa, lura da launinsa da warinsa. 'Yar makaranta, ware littafi guda, ki riƙa rubuta abin da aka gani kowane mako. In kifi ya fara mutuwa, ko yaro ya yi fitsarin jini, wato alamar tsargiya, a kai yaron asibiti, a gaya wa mai unguwa da duba-gari.

Sai dai a kiyaye, ruwa garau ba shi ne ruwa mai lafiya ba. Ido ba ya ganin ƙwayar cuta, don haka a tafasa na sha. Allah Ya ba mu lafiya, amin.