Zauren haziƙai ko dandalin kowa: wace ƙofa 'ya'yanmu za su bi a manyan jami'o'in Amurka?



Duk shekara, daga watan Maris zuwa ƙarshen Afrilu, wayoyi ba sa hutawa tsakanin unguwar Bronx ta birnin New York da gidajenmu na Nima da Mamobi da Zangon Kumasi. Lokacin ne jami'o'in Amurka ke aika wa ɗalibai amsa, kuma galibinsu suna son a yanke shawara kafin 1 ga watan Mayu. Wani yaron takardarsa kan ce an ɗauke shi, shi ke nan. Wani kuma takan zo da ƙari: an ɗauke shi, kuma ana gayyatarsa zuwa sashen haziƙai, wanda su can suke kira onas. Gidan da aka samu ta biyun akan yi guɗa, gidan da aka samu ta farkon kuwa akan yi murna da ɗan sanyin jiki. Muna ganin guɗar da sanyin jikin duka sun yi gaggawa, domin mafi yawanmu ba mu tsaya mun tambayi abin da ke cikin wannan gayyata ba.

Mu fara da gyara wata fahimta. Mu da muka saba da tsarin Legon da Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi, kalmar onas a kunnenmu darajar digiri ce, wadda ake ba mutum a ƙarshe gwargwadon makinsa, tsarin da muka gada daga Ingila. A Amurka kuwa abin da muke magana a kai ƙofa ce da ake shiga tun daga farko. Ƙaramar makaranta ce a cikin babba. Jami'ar gwamnati mai ɗalibai dubun dubata takan ware 'yan ɗaruruwa ko 'yan dubbai, ta ba su wasu darussa na daban a ƙananan azuzuwa, ta ba su mashawarta nasu, wani lokaci har da ɗakunan kwana nasu, sannan ta ɗora musu rubuta kundin bincike kafin su fita.

Abin yana da tarihi. A shekarar 1922 Frank Aydelotte, shugaban Kwalejin Swarthmore, wanda ya yi karatu a Oxford, ya kawo tsarin zama da malami a ƙaramin rukuni domin ɗaliban da suka fi ƙwazo. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, tsoron a bar Amurka a baya a fagen kimiyya ya sa manyan jami'o'in gwamnati suka rungumi tsarin. Jami'ar Oregon ta buɗe kwalejinta ta haziƙai a 1960. Daga baya attajirai suka shigo da dukiyarsu: a 1997 William Schreyer da matarsa suka ba Jami'ar Jihar Pennsylvania dala miliyan 30 domin irin wannan kwaleji, a 2000 kuma Craig Barrett da matarsa suka ba ta Jami'ar Jihar Arizona dala miliyan 10, aka sa mata sunansu. Wadda ta fi kusa da mutanenmu ita ce Kwalejin Macaulay ta Jami'ar Birnin New York, wato CUNY, wadda aka kafa a 2001, kuma tana da rassa a kwalejoji takwas na jami'ar, ciki har da Lehman da ke cikin Bronx.

Yana da kyau mu san cewa jami'o'in ba don Allah kawai suke yin wannan ba. Suna takara ne da manyan jami'o'i masu zaman kansu irin su Harvard da Columbia wajen jawo yaran da suka fi maki. Yaro mai maki yana ɗaga sunan makaranta, suna kuwa yana jawo kyauta. Wannan ba laifi ba ne, ciniki ne. Amma wanda ya san ciniki ake yi da shi yakan duba kaya kafin ya biya.

To mene ne kayan? Na farko, ƙaramin aji. A babbar jami'a, darasin sinadarai ko na tattalin arziki na shekarar farko yakan tara ɗalibai ɗari uku ko fiye a zaure guda, farfesa yana can ƙasa da abin magana, masu duba takardu kuwa ɗaliban digiri na biyu da na uku ne. A sashen haziƙai ana iya samun mutum ashirin zagaye da teburi, malami ya san sunan kowa. Mu da muka tashi muna ganin makarantar zaure mun san bambancin almajirin da ke zaune gaban malam yana biya masa littafinsa da wanda ke saurare daga bakin ƙofa. Na biyu, fifiko wajen rajistar darussa. Mutane kan raina wannan, alhali yana cikin mafi tsada. Darasin dole kan cika, wanda ya rasa gurbi yakan jira zango na gaba, kuma zango ɗaya da aka ƙara kuɗi ne masu yawa. Wanda ke zaɓa da wuri yana iya tsara makonsa yadda zai yi aikinsa na neman abin kashewa, har ya bar rana tsaka ta Juma'a babu darasi. Na uku, kundin bincike da wasiƙar shaida. Mai son karatun likita ko lauya ko digirin digirgir yana bukatar farfesan da ya san shi da gaske, ya rubuta a kansa abin da ya gani da idonsa. Na huɗu, a wasu wuraren, kuɗi. Macaulay tana ɗauke kuɗin makaranta ga ɗalibanta da suka cika sharuɗɗan zama 'yan jihar New York. Ga gidan da uba ke tuƙa tasi, uwa ke aikin kula da tsofaffi, wannan ba ƙaramar alfarma ba ce.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Sashen haziƙai ba wata jami'a ce ta daban ba. Digirin farko a Amurka yakan ɗauki kimanin kiredit 120, kuma darussan haziƙai galibi ba sa wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wannan adadi. Sauran duka tare da kowa ake yin su, a zauren nan mai mutum ɗari uku. A wurare da dama ma ana cike gurbin ne da yarjejeniya: ɗalibi ya zauna a aji na kowa da kowa, ya ƙara rubuta wata takarda, a lissafa masa a matsayin darasin haziƙai. Sunan jami'a a kan takardar shaida iri ɗaya ne, kuma mai ɗaukar ma'aikaciyar jinya ko injiniya abin da yake tambaya shi ne lasisi da horon aiki da abin da hannu ya iya.

Akwai kuma tsada, ta fili da ta ɓoye. Wasu kwalejojin, kamar ta Barrett a Arizona, suna karɓar ƙarin kuɗi a kan na makaranta, kuma ɗakunan kwanan haziƙai sukan fi na gama-gari tsada. Yaron da zai taso kai tsaye daga Ghana ko Kamaru da bizar karatu ya sani cewa kuɗinsa yakan ninka na ɗan jiha sau biyu ko uku, ba ya cikin masu samun tallafin gwamnatin tarayya, kuma doka ta taƙaita masa aiki zuwa awa 20 a mako a cikin makaranta lokacin da ake karatu. Tsadar ɓoye kuwa ita ce sharaɗin maki. Dole ɗalibi ya riƙe matsakaicin maki mai tsayi, in ya faɗi ƙasa a yi masa gargaɗi, in bai tashi ba a sallame shi daga sashen, wani lokaci tallafin ma ya bi. Wannan tsoro yakan sa haziƙin yaro ya guje wa darasi mai wuya da zai amfane shi, ya nemi mai sauƙi domin kare maki. Ga wanda ke karatun injiniya ko jinya, inda jerin darussa ke a matse babu sarari, ƙarin nauyin yana iya zama kaya a kan kaya.

Yanzu mu waiwayi dandalin kowa, wanda muke yi wa kallon na baya. An kafa manyan jami'o'in gwamnatin Amurka ne domin talaka. Dokar Morrill da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862 ta ba jihohi filaye domin su gina makarantun noma da sana'a ga 'ya'yan manoma da ma'aikata. Kwalejin City ta New York ta fara tun 1847 a matsayin makarantar kyauta, kuma CUNY ba ta ɗora kuɗin makaranta a kan kowa da kowa ba sai a 1976. Daga wannan kwaleji Jonas Salk, wanda ya samar da rigakafin shan inna, ya fito. Daga nan kuma Colin Powell ya fito a 1958, ɗan 'yan ci-rani daga Jamaika da ya tashi a Kudancin Bronx, wanda da bakinsa ya sha faɗin cewa makinsa tsaka-tsaki ne, ya kuma zama sakataren harkokin wajen Amurka. Binciken da Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2017 ya sanya kwalejojin CUNY cikin na sahun gaba a faɗin ƙasar wajen ɗauko 'ya'yan talakawa su kai su ga wadata, kuma ɗaliban haziƙai 'yan kaɗan ne a cikin wannan taro.

Abin lura shi ne yawancin abin da sashen haziƙai ke miƙa wa ɗalibi a faranti, ɗalibin gama-gari yana iya samunsa idan ya tashi ya nema. Kowane farfesa yana da sa'o'in da yake zama a ofis domin ɗalibai, kuma sau da yawa yakan zauna shi kaɗai babu wanda ya leƙo. Ɗakunan gwaje-gwaje suna neman mataimaka. Azuzuwa suna raguwa da kansu daga shekara ta uku. Sassa da yawa suna ba kowane ɗalibi mai ƙwazo damar rubuta kundi a fanninsa, kuma jami'o'i da dama suna buɗe ƙofar haziƙai ga wanda ya nuna kansa bayan shekarar farko. Wani bincike da cibiyar Gallup ta yi tare da Jami'ar Purdue a 2014, a kan kimanin mutum 30,000 da suka kammala digiri, ya nuna cewa abin da ya fi alaƙa da jin daɗin aiki bayan karatu shi ne samun malamin da ya damu da kai, da jagora mai ƙarfafa gwiwa, da horon aiki, da aikin bincike mai tsawo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta wa haziƙai su kaɗai.

Amma za mu yi rashin adalci idan muka tsaya a nan, domin akwai hujja mai ƙarfi a ɗaya ɓangaren, kuma mu ta fi shafa. Cewa yaro ya tashi ya nema abu ne mai sauƙin faɗa. Ɗan farfesa ya san ana ƙwanƙwasa ƙofar malami tun yana cikin zanen goyo. Namu kuwa, wanda shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a, an tarbiyyantar da shi kada ya kalli babba a ido, kada ya yi magana sai an tambaye shi. Kunyar da take ado a zaurenmu takan zama cikas a can. Masana tattalin arziki Stacy Dale da Alan Krueger sun gano cewa ga yawancin ɗalibai masu ƙwazo iri ɗaya, zuwa makaranta mai wuyar shiga ba ya ƙara albashi sosai, amma yana ƙarawa ga baƙaƙen fata da 'ya'yan iyayen da ba su yi karatu mai zurfi ba. Binciken nasu a kan makarantu ne, ba a kan sassan haziƙai ba, amma darasin yana da kusanci: wanda bai gaji hanya a gida ba shi ya fi cin moriyar wurin da ake nuna hanya. Saboda haka ba za mu ce wa ɗanmu ya raina gayyatar ba.

Matsayarmu ke nan. Idan gayyatar ta zo da tallafi, ko ba ta ƙara wa gida nauyi ba, kuma ba ta ci karo da fannin yaro ba, ya karɓa da hannu biyu. Idan kuwa sai an ci bashi, ko an sayar da fili a gida, ko an tura yaro wata jiha mai nisa ya biya kuɗin baƙo domin lakabi kawai, alhali ga jami'ar jiharsu kusa da tuwon uwarsa da masallacin unguwarsu, to a bar ta. Kafin a sa hannu a tambayi makaranta a rubuce: nawa ne ƙarin kuɗin, darussa nawa ne ainihin ƙananan azuzuwa, wane maki ake bukata, me zai faru da tallafi idan yaro ya fita daga sashen, kuma cikin waɗanda suka shiga mutum nawa ne suke kammalawa da kundin. Makarantar da ke da gaskiya ba za ta ƙi amsa waɗannan ba.

Saura magana ɗaya ga waɗanda daga cikinmu suka zama 'yan ƙasa a can, masu biyan haraji da jefa ƙuri'a. A 2007 CUNY ta fara wani shiri mai suna ASAP domin talakawan ɗalibai na kwalejojin shekara biyu: mashawarci na kusa, kuɗin mota, taimakon littattafai, da tsararren jadawali. Binciken da aka yi a kansa ya nuna ya kusan ninka yawan masu kammalawa. Wato kulawar da ake keɓe wa haziƙai tana aiki a kan kowa idan aka ba shi. Mafi yawan 'ya'yanmu a dandalin kowa suke, kuma a nan ya kamata muryar ƙungiyoyinmu ta fi ƙarfi.

Ku kuma iyaye da kawunnai da gwaggwanni, na gida da na waje, mu sassauta harshe. Kada mu riƙa auna yara biyu da takarda guda a gaban baƙi. Kada yaron da ya ga nauyin ya fi ƙarfinsa ya ji tsoron faɗa mana ya bar sashen, har ya kwana cikin damuwa shi kaɗai a ƙasar sanyi. Tambayar da za mu riƙa yi wa ɗanmu a waya ita ce: akwai malamin da ya san sunanka? Idan ya ce babu, mu ce ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa a wannan makon, mu kuma sake tambayarsa a mako mai zuwa.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya sa su dawo mana da alheri.