Furen Teku Mai Rauni a Cikin Akwatin Kifi

A cikin teku akwai wata halitta mai ban mamaki wadda Turawa ke kira anemoni. Wanda ya gan ta manne da dutse tana kaɗawa cikin ruwa sai ya rantse fure ce, don haka ya dace a kira ta furen teku. Amma fa furen teku dabba ne, ba tsiro ba. Ba shi da ƙashi, ba shi da ido. Jikinsa kamar 'yar jaka yake, bakinsa na tsakiya, hannuwa masu taushi sun kewaye bakin. A jikin hannuwan nan akwai dubban 'yan ƙayoyi masu dafi waɗanda ido ba ya gani. In ƙaramin kifi ya gitta ya taɓa su, sai su harbe shi kamar kunama, ya sandare, furen ya jawo shi zuwa baki.

A ƙasashe da yawa mutane suna kiwon kifin teku a gida, cikin akwatin gilashi mai cike da ruwan gishiri. A birnin Landan ne aka fara buɗe gidan kallon kifi domin jama'a, cikin shekarar 1853. Masu irin wannan kiwo suna son furen teku ƙwarai, saboda kyaunsa, kuma saboda wani ɗan kifi mai launin ruwan lemo da ratsin fari wanda ke kwana a tsakanin hannuwansa. Shi wannan kifi yana da yauƙi a jiki mai kare shi daga harbi. Sauran kifayen kuwa sai su kewaye su ba shi wuri. Muddin furen yana da lafiya, kowa ya san iyakarsa.

Wahala takan zo ne ran da ya ji rauni. Ko da yake yakan daɗe wuri guda, in haske ko gudun ruwa bai yi masa ba sai ya saki dutse ya kama yawo. A cikin akwatin kuwa akwai ɗan famfo mai motsa ruwa. In famfon ya tsotse shi, sai ya yayyaga shi, gutsattsarin jikinsa da ƙayoyin dafinsa su watsu ko'ina. A teku wannan ba kome ba ne, ruwa mai yawa zai tafi da su. Akwati fa? Kifi ba shi da wurin gudu, cikin ruwan nan yake numfashi.

Wannan ma ƙarami ne. Jikin furen teku ba ya jimawa yake ruɓewa. In ya fara ruɓa sai ruwa ya yi dishi-dishi, ya yi wari, wata guba da ake kira amoniya ta yawaita, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu. Amoniya takan ƙona matatar numfashin kifi. Sai a ga kifaye sun taso sama suna haki. Mutum yana iya kwana da akwati lafiya lau, ya wayi gari ya tarar da gawawwaki. Wake ɗaya ne ya ɓata gari.

Saboda haka abin da ya wajaba ga mai kiwo shi ne ya raba mai rauni da kifaye tun da wuri. Waɗansu sukan ce a bar shi, ai yakan warke da kansa. Da gaskiyarsu, gama in raunin kaɗan ne yakan haɗe, har akwai irin da ke rabewa biyu kowane ɓari ya rayu. To, amma ba dole ne a yi jinyarsa a tsakiyar kifaye ba. A sa shi cikin wani ɗan akwati dabam mai ruwan gishiri, a zuba masa ido. In an ga bakinsa ya wangale, ya daina kama dutse, namansa yana zagwanyewa, to, ya tafi ke nan. Sa'an nan a sauya wani kashi na ruwan babban akwatin, a tace sauran da gawayin tace ruwa.

Laifin kuwa yawanci ba na furen ba ne, na mai gaggawa ne. Shi ne ya bar bakin famfo ba raga. Shi ne ya fizge furen daga dutse da ƙarfi ya yaga masa gindi. Shi ne kuma ya sayo shi ya jefa cikin sabon akwati wanda ruwansa bai zauna ba tukuna. Wanda bai shirya wa waɗannan ba, gara ya tsaya ga kifi kaɗai.

Ba kuwa halitta ce mai gajeren kwana ba. A ƙasar Sikotilan, cikin shekarar 1828, wani masani mai suna John Dalyell ya ɗauko furen teku guda daga gaɓar teku, ya sa shi cikin kwalba, yana sauya masa ruwa yana ba shi abinci. Dalyell ya rasu a 1851, waɗansu suka karɓi kiwon. Saboda daɗewarsa har aka yi masa laƙabi da Kaka. Bai mutu ba sai a 1887, watau bayan ya yi kusan shekara 60 a hannun mutane.