Kafin ka fasa bulon murhu saboda TV

1/ Jama'a, ga zare. Gidan da muke haya a Ingila tsohon gini ne na jan bulo, irin waɗanda suke manne da juna a layi. A falo akwai murhun jin ɗumi cikin bango, da kantar katako a samansa. Makon jiya mai gidan ya zo da guduma, wai zai cire bulo ya sauko da kantar.

2/ Dalili? TV. Kantar ta yi sama, in aka rataya TV a bisanta sai wuyan mutum ya ƙage. Ya ce ya kalli yadda ake yi a YouTube, aikin rabin yini ne. Ni fa a ganina ganganci ne, kuma ɗakina ne a saman falon.

3/ Bulon da ke kewaye da murhu iri biyu ne. Akwai na ado da aka liƙa daga baya, akwai wanda ke ɗauke da nauyi. Saman bakin murhun akwai linta, a kanta ginin bututun hayaƙi ya hau, ya ratsa bene har rufi. In fenti ya rufe su, ido ba ya bambancewa.

4/ Sai maganar gobara. Ba don kwalliya kawai aka ɗaga kantar ba. A ƙa'idar ginin gidaje da ake bi a yawancin jihohin Amurka, katako ba ya kusantar bakin murhu ƙasa da inci 6, wajen santimita 15. Ka sauko da ita, ka kai katako bakin wuta.

5/ Abin da ya fi ba ni tsoro: bugun guduma na iya tsaga hanyar hayaƙin. Iskar gubar da wuta ke fitarwa ba ta da wari, ba ta da launi. Kana barci za ta same ka.

6/ Ga kuma maƙwabci. A Ingila da Wales akwai dokar 1996 kan bangon da gida biyu suka yi tarayya a kai. In za ka sara cikinsa, sai ka sanar da maƙwabcinka a rubuce, wata 2 kafin aiki.

7/ Wani zai ce ai gidansa ne, kuɗinsa ne. Haka ne. In bulon na ado ne kuma an daina kunna murhun, ya cire abinsa. Amma wa ya tabbatar? Magini ko injiniya ya duba tukuna. Mai bidiyon can bai taɓa ganin bangonka ba.

8/ Mu ma a gida haka ake fasa bango a fitar da shago ba tare da an tambayi kowa ba, sai damina ta tona asiri.

9/ Da kyar muka lallaɓa shi ya ajiye gudumar sai magini ya zo. TV na nan kan tebur, kuma wallahi ƙwallo na fita ras.