A Buɗe Wa 'Ya'yan Talakawa Ƙofar Takwando

A gasar Olamfik ta 2016, Abdurrazak Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa a takwando, wasan kare kai, a 2017 kuma ya zama zakaran duniya. Yara nawa irinsa ke yawo a unguwanninmu ba tare da mai koyarwa ba? Wuraren horo suna manyan birane, kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, alhali ɗaki, tabarma da ƙwararren malami sun isa a fara. Iyayen da ke tsoron yara za su koyi rigima su kwantar da hankali: ladabi da kame kai ake fara koyarwa. Muna roƙon hukumar makaranta ta ware aji ɗaya bayan tashi, kyauta, maza da mata kowa da ranarsa.