Hoton da Ba Shi da Rana

Ƙorafin wannan makon a kanmu yake.

Duk mai son yin rubutu kan 'Yandoto, tsohon garin malaman nan na ƙasar Tsafe da Muhammadu Bello ya ci da yaƙi a 1806, ya san shaida ce ke wahalar samu. Amma mu da muke zuwa can da waya a hannu, me muke yi? Mu ɗauki hoto, mu tura ta WhatsApp, mu goge na asali wai waya ta cika.

Alhali na asalin nan shi ke ɗauke da rana da lokaci, wani sa'in har da wurin da aka ɗauke shi. WhatsApp yana matse hoto ya zubar da waɗannan bayanai, sai fa in an tura shi a matsayin fayil. Mai kyamara da ke ajiye RAW da JPEG ma bai tsira ba: in ya gyara rana a ɗaya, ɗayan bai san an yi ba, sai ya duba su duka.

Gobe wani zai ce hoton nan a Bungudu aka ɗauke shi. Da me za mu musa masa?