Fantasi: Son ƙungiya ne ke cinye makin matasan Gyadi-Gyadi da Tarauni

Duk daren Juma'a, a majalisun matasa daga Court Road zuwa Zoo Road, har kasuwar Tarauni, akwai muhawarar da ta zo ta zauna kusa da tsohuwar gardamar Messi da Ronaldo: wa za a saya, wa za a sayar, wa za a ba kyaftin. Cinikin ba na kuɗin gaske ba ne, a cikin waya ake yin sa, amma zafin da yake tayarwa na gaske ne. Wanda ya zo na ƙarshe a rukunin abokansa yakan sha tsiya har mako ya zagayo.

Wasan shi ne Fantasy Premier League, wanda hukumar gasar Firimiyar Ingila ke gudanarwa tun kakar 2002/03, kuma a shekarun nan masu buga shi sun haura miliyan 11 a duniya. Shiga kyauta ce. Ana ba mutum fam miliyan 100 na boge ya sayi 'yan wasa 15: masu tsaron raga 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, kuma ba zai ɗauki fiye da uku daga ƙungiya ɗaya ba. Abin da suka yi a fili ranar wasa shi ke komawa maki. Ƙwallon ɗan gaba maki 4 ce, ta ɗan tsakiya 5, ta ɗan baya 6. Wanda ya bayar aka ci yana da 3. Ɗan baya ko gola da ya yi minti 60 ba a ci ƙungiyarsa ba yana da 4. Kyaftin kuwa duk abin da ya samu ninkawa ake yi.

Ba rashin sanin ƙwallo ke kayar da yawancin masu buga wasan nan a Kano ba. Matashin da ya shekara goma yana zama a gidan kallo ya san benci da 'yan ajiyar Brentford fiye da yadda ya san kansilan mazaɓarsa. Abin da ke kayar da shi shi ne yana haɗa tawagarsa a matsayin magoyin baya, alhali wasan na 'yan kasuwa ne. Abin mamaki ne a ce hakan na faruwa a Kano. Mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre ba ya cika kanta da wayar da yake so, wadda ke fita yake sarowa. Amma shi ɗin dai, idan ya buɗe Fantasi, sai ya zuba 'yan Arsenal uku ko na Manchester United uku tun kafin ya duba wa za su kara da shi.

Babu misalin da ya fi kusa da gida kamar na Ahmed Musa. A Kano Pillars ya yi suna, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/10 ya zama kan gaba a gasar Najeriya. A Yulin 2016 Leicester City, wadda ta ɗauki kofin Firimiya watanni biyu kafin nan, ta saye shi daga CSKA Moscow a kan kusan fam miliyan 16. A farkon Agusta ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunta a Stockholm. Wane Bakano ne zai ga wannan ya bar shi a waje? Sai dai da aka shiga gasar, ƙwallo 2 ya ci a wasa 21, mafi yawansu daga benci ya taso, domin Jamie Vardy na nan, ga Shinji Okazaki, ga Islam Slimani da aka sayo a ƙarshen watan.

Ba iyawa ya rasa ba. Iceland ta shaida haka a gasar cin kofin duniya ta 2018 da ya zura mata biyu. Gurbi ya rasa, kuma Fantasi ba ta biyan iyawa sai an gan ta a fili. Wanda ya buga minti 60 yana da maki 2 ko bai yi komai ba, wanda aka sako a minti na 80 yana da 1, wanda bai tashi daga benci ba sifili. Shi ya sa tambayar farko kafin a sayi kowa ita ce: kocinsa na fara wasa da shi kowane mako? Masu ɗaukar 'yan Manchester City sun san ciwon nan, domin Pep Guardiola ya shahara da ajiye wanda ya haskaka jiya ba tare da ya yi wa kowa bayani ba.

Ɗaya fuskar son ƙungiya ita ce ƙin ɗan wasan abokiyar gaba, kuma ita ta fi tsada. A kakar 2024/25 Mohamed Salah ya ci ƙwallo 29, ya bayar aka ci 18, ya tara maki 344, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a tarihin wasan. Tun da a matsayin ɗan tsakiya aka rubuta shi, kowace ƙwallonsa maki 5 ce. Magoyin bayan United da ya rantse ɗan Liverpool ba zai shiga tawagarsa ba, ya zuba ido abokansa suna ninka makin Salah mako bayan mako, tun kafin Disamba an yi masa nisan da ba zai kamo ba.

Masu taurin kai suna da hujjarsu, kuma gaskiya ce. Ben Crabtree, magoyin bayan Everton, ya zo na ɗaya a duniya a kakar 2016/17 ba tare da ya ɗauki ɗan Liverpool ko ɗaya ba. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne a lokacin Salah yana Roma. Watan Yunin 2017 ya zo Anfield, ya ci 32 a kakarsa ta farko, kuma wanda ya lashe gasar Fantasi a wannan shekarar ɗan Afirka ne, Yusuf Sheikh daga Tanzaniya.

Wannan ba ya nufin a bi babban suna ido rufe. Makin bara ba ya shiga lissafin bana. Salah ɗin nan da aka yi wa farashin fam miliyan 14.5 a farkon kakar 2025/26, mafi tsada a wasan, zuwa ƙarshen Nuwamba koci Arne Slot ya fara ajiye shi a benci. Kusan kashi 15 cikin ɗari na jarin mutum yana zaune yana kallo kamar kowa.

An ce arha ba ta ado, amma a nan ita ke cin gasa. Kowa a rukuni yana da Haaland, don haka Haaland ba ya raba gardama. Abin da ke rabawa shi ne wa ya fara gano mai arhar da zai yi aikin mai tsada. Cole Palmer ya shiga kakar 2023/24 a kan fam miliyan 5 yana ɗan benci a City. Da ya koma Chelsea a farkon Satumba aka ba shi wuri, aka kuma ba shi bugun fenariti, sai ya ƙare da ƙwallo 22, tara daga cikinsu na fenariti, da maki 244, fiye da kowa a shekarar. A kakar da ta biyo baya Chris Wood na Nottingham Forest, mai fam miliyan 6, ya ci 20. Bryan Mbeumo, yana Brentford a kan miliyan 7, shi ma 20. Babu ɗaya daga cikinsu da ake sayar da rigarsa a bakin titin Zoo Road a lokacin. Abin da ya haɗa su: suna buga kowane wasa, kuma su ake miƙa wa ƙwallo idan alƙali ya nuna tabo.

Akwai kuma garaɓasar da kan faɗo idan masu shirya wasan suka rubuta mutum a gurbin da ba nan yake bugawa ba. John Lundstram na Sheffield United an sa shi a ɗan baya kan fam miliyan 4 a 2019/20, alhali a tsakiya yake wasa. Ranar da ya ci Burnley biyu a Nuwamban 2019 aka tashi 3-0, maki 21 ya kwasa shi kaɗai.

Daga kakar 2025/26 an ƙara wata ƙofa da har yanzu wasu ba su lura da ita ba. Ɗan baya da ya yi aikin tsaro sau 10 a wasa ɗaya, wato ƙwace ƙwallo, tare ta, tsinke ta ko fitar da ita daga haɗari, yana samun maki 2 ko da an ci ƙungiyarsa. Ɗan tsakiya da ɗan gaba sai sun kai 12. Ma'ana, ɗan bayan ƙaramar ƙungiya da ake yi wa ruwan hare-hare ya samu daraja, haka ma ɗan tsakiya mai aikin wahala wanda a da babu mai kallonsa.

To ina 'yan Najeriya? Ba laifi ba ne a ɗauke su, laifin shi ne a ɗauke su don tuta. Ola Aina a kan fam miliyan 4.5 ciniki ne mai kyau a 2024/25, shekarar da golan Forest, Matz Sels, ya yi wasa 13 ba a ci shi ba, ƙungiyar ta ƙare ta bakwai. Alex Iwobi ya ci wa Fulham 9 a kakar. Waɗannan lissafi ne ya kawo su.

Labarin Emmanuel Dennis kuwa ya isa gargaɗi. A 2021/22 ya zo Watford a kan fam miliyan 5, ya fara cin ƙwallaye, kowa ya ruga ya saye shi, kuma daidai ne. Matsalar ta zo a Janairun 2022, makon da Watford ke da wasa biyu, da Norwich da Burnley. Ɗimbin mutane suka ba shi kyaftin. A wasan farko aka ba shi jan kati, Norwich ta ci 3-0, dakatarwa ta hana shi buga na biyun. Jan kati ragin maki 3 ne, kuma kyaftin asararsa ma ninkawa ake yi. Ɗan wasan ƙungiyar da ke neman faɗuwa yana iya zama sayayya mai riba, amma ɗora masa kyaftin wani abu ne daban.

Sai gasar cin kofin Afirka, wadda ke faɗowa a tsakiyar kaka. A 2024 an yi ta a Kwaddibuwa daga 13 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu, Super Eagles ta kai wasan ƙarshe, wanda ke nufin Iwobi da Aina da Calvin Bassey sun yi wata guda ba sa Ingila. Salah ya ji rauni a wasan Masar da Ghana. Ta Maroko kuma aka tsara ta daga 21 ga Disamba 2025 zuwa 18 ga Janairu 2026, daidai lokacin da wasannin Firimiya suka fi cunkoso. Mai 'yan Afirka huɗu ko biyar a tawagarsa dole ya fara rage su makonni kafin nan.

Rage su a hankali, domin canji ɗaya ake bayarwa kyauta kowane mako, ana iya tara su har biyar, duk wanda ya ƙaru a kai kuma ragin maki 4 ne. A nan ne haushin daren Asabar ke yin ɓarna. Mutum ya fito daga gidan kallo ransa a ɓace, ya sayar da uku, ya sayo wanda ya ci uku ɗazu. Ihu bayan hari ke nan: makin an riga an raba, shi kuma ya fara sabon mako da bashin 8. Kafin ɗan gaba ya biya wannan bashin sai ya ci ƙwallo biyu. Tashin farashi ma da ake tsoro bai kai yadda ake zuzuta shi ba, tunda idan ɗan wasa ya ƙara kuɗi rabin ribar kawai ake ba mai shi ranar sayarwa. Jira har a ji bayanin koci na Alhamis ko Juma'a kan masu rauni ya fi wannan ribar amfani.

Akwai maganar da ba a son tayarwa a majalisa. Wasu rukunonin na WhatsApp sun mayar da abin karo-karo: kowa ya zuba wani abu, wanda ya fi maki a mako ko a wata ya kwashe. Hukumar Firimiya ba ta karɓar ko kobo, amma da zarar kowa ya zuba kuɗi mutum ɗaya ya kwashe, sunan abin ya canza, kuma kowa a Kano ya san sunan. A 2024 Hukumar Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a birnin, kuma a Nuwamban shekarar Kotun Ƙoli ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta ce hurumin jihohi ne. Ko an ajiye batun doka da na malamai gefe, kuɗin mako-mako yana lalata wasan kansa. Mai neman cin wannan makon kaɗai shi ne ke yarda da ragin 8 ko 12, ya ba ɗan bayan da ba a sani ba kyaftin, ya rushe tawagar da ta kamata ta kai shi mako 38. Ga rigimar wanda aka ba ajiyar kuɗin idan Mayu ta zo.

Wani abu ƙarami da ke cin mutane kowace shekara shi ne agogo. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Ingila da na Najeriya ɗaya ne, don haka idan wasan farko 12:30 na ranar Asabar ne, ƙarfe 11 na safe ake rufewa. Idan suka mayar da agogonsu baya a ƙarshen Oktoba, wasan ya koma 1:30 a Kano, rufewa 12 na rana. Makon da ke da wasan daren Juma'a kuwa, da 6:30 ko 7:30 na yamma ƙofa ke rufuwa, tun mai shayi bai gama hura wuta ba, ballantana majalisa ta zauna muhawarar wa za a ba kyaftin.