Noman Rani da Sola: A Sauƙaƙa wa Manomi Hanyar Biya

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, lissafin noman rani ya rikice a fadamun Arewa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. Mai tumatir a Danja ko mai albasa a Aliero ba zai ce wa shuka ta jira mai ya sauko ba. Ranar ban-ruwa in ta zo, dole ya cika jarka. Ƙananan injinan fetur da shirin Fadama ya yaɗa tun shekarun 1990, waɗanda suka raba manomi da wahalar jigo, su ne yau ke cinye ribarsa. A ganin wannan jarida, mafita ita ce injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana, kuma babban abin da ya tokare hanyarsa shi ne tsarin biyan kuɗinsa.

Injin fetur yana da sauƙin saye, amma duk fangalin da ya jiƙa sai an biya kuɗin mai, ga baƙin mai, ga fulogi, ga kuɗin bakanike. Na sola kuwa tsadarsa a rana ɗaya take. Da zarar an kafa faranti an jona famfo da tiyo, ruwa zai yi ta zuba ba tare da an sake sayen ko lita ɗaya ba, faranti mai kyau kuma yakan yi shekara 20 ko fiye yana aiki. Kayan lambu su suka fi dacewa da wannan jari, domin tumatir da attaruhu da albasa suna kawo kuɗi cikin wata uku zuwa huɗu, lokacin nomansu kuma shi ne lokacin da rana ta fi samuwa. Sai dai manomin da ke iya tara kuɗin jarka duk mako ba shi da dunƙulallen kuɗin da zai biya lokaci guda, bankunan kasuwanci kuma kuɗin ruwansu na kaiwa kusan kashi 30 cikin 100, idan ma sun saurare shi.

Masu shakka suna da hujjojinsu. Sukan ce hazon hunturu da ƙura na rage ƙarfin faranti, da dare kuma famfo ba ya aiki. Gaskiya ne, amma goge faranti da tsumma da safe da tara ruwa a tanki da rana sun fi sayen batir araha nesa ba kusa ba. Sukan ce ɓarayi na kwance faranti. Ai injin fetur ma a kan babur ake komawa da shi gida da yamma, kuma akwai na sola da ake naɗewa a ɗauka. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ruwan ƙasa. Idan jan ruwa ya zama kyauta, ba abin da zai hana manomi barin famfo a kunne tun hantsi har la'asar. A jihar Punjab ta Indiya, wutar lantarki kyauta ga manoma ta sa rijiyoyi suna ta ja da baya shekara da shekaru. Darasin da ke nan shi ne a riƙa auna ruwan rijiyoyin fadama, a kuma daidaita girman famfo da girman gona.

Abin da ba mu goyon baya shi ne rabon injina kyauta a wajen taro. Irin wannan rabo kan tsaya ga masu uwa a gindin murhu, wani ma ya ƙare a kasuwa, ya kuma karya 'yan kasuwar da za su kawo kayan gyara. Abin da zai ɗore shi ne bashi ta hannun ƙungiyoyin manoma, wanda za a biya bayan an kwashe amfani, cikin shekara biyu ko uku. Tunda manoma da dama na gudun bashi mai kuɗin ruwa, bankuna irin su Jaiz na iya sayen injin su sayar musu da biya kaɗan-kaɗan. Wajibi ne hukumar kula da ingancin kaya ta tsare kasuwa daga jabun faranti, a kuma horar da matasan da za su yi gyara a ƙauye.

Muna kira ga gwamnatocin jihohi da Bankin Manoma da su ware wa wannan tsari kuɗi a kasafinsu, su kuma kammala shi tun damina ba ta ɗauke ba, domin manomi ya shiga fadama da injinsa a kan kari.